Aikin Hannu Da Zanen Kwamfuta: Ina Darajar Take?

Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo wayoyin mutane, wata tambaya ta ƙi barin bakin jama'a: idan waya za ta fitar maka da hoto mai kyau cikin 'yan daƙiƙu, me zai sa ka biya mai zane ya shafe makonni yana yi maka da hannu? A nan Legas ana jin wannan gardama a shagunan teloli na Agege da Idi-Araba, ana jin ta wajen 'yan uwanmu masu sayar da kayan fata da zane-zane a kasuwar Jakande da ke Lekki, ta kuma fi zafi tsakanin matasa masu haɗa katin biki da fasta. Wasu sun yanke hukunci cewa yayin aikin hannu ya wuce. Wasu kuma sun dage cewa duk abin da ya fito daga kwamfuta ba gwaninta ba ce, dabara ce kawai. Kowane ɓangare akwai abin da ya hango, amma yawancin musun yana tasowa ne saboda ba a bambance abubuwan da ake magana a kansu ba.

Abubuwa huɗu ne, ba biyu ba

Na farko shi ne aikin hannu da muka gada ko muka koya: ɗinkin hula, surfanin babbar riga irin aska biyu da aska takwas, zayyanar allon sauka, zanen ƙwarya, aikin dukawa, da zanen fenti a kan ƙyalle. Duk wanda aka yi, shi kaɗai ne. Ko mai shi ya so maimaita shi, ba zai fito sak ba.

Na biyu shi ne zanen da mutum yake yi da kansa, amma a kan kwamfuta ko allon lantarki mai alƙalami, da manhajoji irin su Photoshop, CorelDRAW ko Procreate. A nan ma ido ne da hannu da shekarun koyo. Wanda bai iya zana fuska a takarda ba, kwamfuta ba za ta zana masa ba. Bambancin shi ne ba ya sayen fenti, yana iya goge kuskure nan take, kuma abin da ya gama fayil ne da za a iya kwafa sau dubu ba tare da ya canza ba.

Na uku bugun inji ne: na'urar da ke buga hoto a kan ƙyalle ko leda, da injin surfani da teloli ke kira monogiram. Wannan ba ya ƙirƙirar komai, yana ninka abin da wani ya tsara ne.

Na huɗu shi ne sabon baƙon, wato hoton da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa idan ka rubuta mata abin da kake so. Manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion sun fito fili ne a 2022. An horar da su da miliyoyin hotunan da aka kwaso daga intanet, ciki har da ayyukan masu zane da ba a nemi izininsu ba, abin da ya jawo ƙararraki a kotunan Amurka da Ingila.

Wanda ya haɗa na biyu da na huɗu ya kira su "aikin kwamfuta" ya zalunci yaron da ya kwana yana zane a kan allonsa. Haka nan wanda ya ɗora wa mai zanen kwamfuta laifin hular inji da ta cika kasuwa, ya kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Daga ina tsadar zane take fitowa?

A watan Fabrairu na 2018, gidan gwanjo na Bonhams da ke Landan ya sayar da wani zane mai suna Tutu a kan fam miliyan 1.2. Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, shi ne ya zana shi a 1974, hoton wata gimbiyar Ife ce, Adetutu Ademiluyi. An shafe shekaru ba a san inda yake ba, sai aka same shi rataye a wani gida a arewacin Landan. Abin lura shi ne, a duk tsawon lokacin da ya ɓata, bugaggun kwafinsa suna manne a bangon gidaje da dama a Najeriya. Yawan kwafin bai karya darajar na ainihin ba. Shi ne ma ya sa kowa ya san hoton, har ranar da na ainihin ya bayyana masu kuɗi suka yi rububinsa.

Mu ma muna da irin wannan a gida. Marigayi Sharif Bala Gabari na Kano ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, aka ɗauki rubutun aka buga shi da yawa, almajirai suka samu cikin sauƙin kuɗi. Bugun ya kai rubutunsa garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba. Duk da haka babu wanda zai ce bugaggen da na tawada da alƙalami kuɗinsu ɗaya.

Idan aka duba irin waɗannan misalai, za a ga abubuwa uku ne ke ɗaga farashi. Akwai ƙarancin abin, wato ba za ka same shi a ko'ina ba. Akwai sunan wanda ya yi. Akwai kuma shaidar da ke tabbatar da cewa shi ɗin ne ya yi. Wahalar da aka sha, wadda ita ce mai sana'a ke fara ambata idan ana ciniki, ita ce kasuwa ta fi yi wa rowa. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma duk wanda ya ga matar da ta yi makonni tana ɗinka hula ɗaya, ya kuma ji abin da aka biya ta, ya san haka abin yake.

Ba kuma dole ne abu ya zama guda ɗaya tak kafin ya yi daraja ba. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, wanda ya daɗe yana aiki a Mushin, ya yi suna ne da zanen da ake sassaƙawa a kan faranti a riƙa bugawa a takarda. Masu irin wannan aiki sukan ƙayyade adadin da za su buga, su rubuta lamba a ƙasan kowane ɗaya, misali na 3 cikin 50, su sa hannu. Ƙayyade adadin da sa hannun su ne ke riƙe farashin.

Yunƙurin NFT da inda ya tsaya

Babbar matsalar mai zanen kwamfuta ita ce aikinsa ba shi da ƙaranci: ka tura wa mutum ɗaya, ka tura wa duniya. NFT an ƙirƙiro shi ne don toshe wannan ɓaraka. Shaidar mallaka ce da ake rubutawa a kundin da kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet, ke gudana a kansa, mai nuna cewa wane ne ya mallaki wannan fayil, ko da kowa na iya kallonsa kyauta.

A watan Maris na 2021, gidan gwanjo na Christie's ya sayar da aikin wani Ba'amurke da ake kira Beeple a kan dala miliyan 69. A Oktoban shekarar, gidan ya yi gwanjon ayyukan Osinachi, ɗan Najeriya daga Aba, wanda ke yin zanensa da Microsoft Word, manhajar da muka sani ta buga wasiƙa. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa gwanintar a jikin mutum take. Matasa da yawa a Legas sun shiga harkar da zafinsu, duk da cewa a Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto, bai kuma janye ba sai Disamban 2023.

Kasuwar ta rushe a 2022. Saƙon farko na Twitter, wanda Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shafin, ya sayar a matsayin NFT a kan dala miliyan 2.9, da aka sake fitar da shi gwanjo a Afrilun 2022, wa'adi ya cika tayi mafi tsoka bai kai dala 300 ba. Waɗanda suka yi suna da ingancin aikinsu sun ci gaba da sayarwa. Waɗanda suka saya don jiran farashi ya tashi, su ne suka kwana ciki.

Waɗanda inji ya riga ya taɓa

Tun kafin a san da ƙirƙirarriyar basira, inji ya riga ya sauya sana'o'i a garin nan. Da can duk mai buɗe shagon aski ko na shayi sai ya nemi mai rubutun fenti ya zana masa allo. Yau Shomolu ake zuwa, unguwar da ta zama cibiyar ɗab'i ta Legas, a tsara a kwamfuta a buga allon a kan leda kafin la'asar. Lokacin zaɓe injinan unguwar ba sa hutawa dare da rana. Masu rubutun fenti da yawa sun bar sana'ar, wasu sun koyi CorelDRAW sun koma cikin shagunan da suka karɓe musu aiki.

Ka tsaya a Mile 12 da sassafe lokacin da manyan motoci ke sauke tumatir da albasa daga Arewa, ka dubi bayansu. Tsofaffin za ka ga zaki ko gaggafa ko dawisu da aka zana da buroshi, da kirari a ƙasa, fentin ya ɗan zubo a gefen wani harafi, kuma ba za ka ga biyu iri ɗaya ba. Sababbin kuwa sitika ce aka manna, mai sheƙi, wadda za ka gani a jikin wata motar a layi na gaba. Direban bai yi laifi ba, ya zaɓi mai sauƙi da sauri. Amma wani abu ya tafi tare da mai buroshin, domin shi yakan zauna da direba ya ji abin da ke ransa kafin ya zana.

A wajen teloli ma haka ne. Monogiram ya sa talaka ya sa kaftani mai aiki a wuya ranar Sallah, abin da a da sai mai hali. Ban ga dalilin da zai sa a raina wannan ba. Babbar riga mai aikin hannu kuwa, wadda kan ci watanni, ta koma kayan sarauta da manyan bukukuwa, kuma masu sayenta ba su ragu da son ta ba. Wanda ya fi shan wahala shi ne na tsakiya, mai aikin hannun da bai kai gwani ba: inji ya fi shi tsafta, ya kuma fi shi araha.

Ina ganin abin da zai faru da masu zanen kwamfuta ke nan yanzu. Yaron da abincinsa ya dogara ga haɗa katin ɗaurin aure da tambarin ƙaramin shago, shi ne ƙirƙirarriyar basira za ta fara taɓawa, tun kafin ta kai ga mai ɗinkin hula. Abin mamaki, a muhawarar da ake yi an fi jin tsoro a madadin mai aikin hannu, alhali na kan kwamfutar ne ke bakin wuta.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan aikin hannu suna cewa abu ne da za ka taɓa, ka gada, ka bar wa 'ya'ya, kuma yana ɗauke da tarihin wuri. Suna da gaskiya. Sai dai Legas gari ne mai laima: jakar fata da aka ajiye a ɗaki damina ɗaya tana iya yin fumfuna, takarda tana lanƙwashewa, ambaliya kuma ba ta tambayar darajar abin da ke ƙasa. Aikin hannu yana son kulawa.

Masu goyon bayan kwamfuta suna cewa ta buɗe ƙofa ga wanda ba shi da uban gida a gidajen baje kolin zane na Ikoyi da Victoria Island. Daga ɗaki ɗaya a Agege yaro zai iya yi wa wani a Kanada aiki a biya shi da dala. Wannan ma gaskiya ne. Amma masu cewa zanen kwamfuta kyauta ne ba su lissafa kuɗin na'urar, da data, da man janareto ba. Fayil ma yana ɓata: waya ta faɗa ruwa ko a sace ta, aikin shekara ya tafi idan ba a adana shi a wani wuri ba.

Akwai kuma batun addini, wanda ba a raba shi da wannan zance a cikinmu. Hadisai sun yi gargaɗi a kan surar abu mai rai, shi ya sa fasaharmu ta fi karkata ga rubutu, da zayyana, da dagi, da siffofin da ba na mutum ko dabba ba. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara da na allon waya, kuma wannan fage nasu ne. Abin da zan ce kawai shi ne, wanda ya zaɓi ya tsaya a kan zayyana da rubutu yana da fili mai faɗi, da hannu ko da kwamfuta.

Ta fuskar doka, a 2022 wani mutum ya ci gasar zane a jihar Colorado ta Amurka da hoton da Midjourney ta haɗa masa, amma a 2023 ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ƙi yi masa rajistarsa, bisa hujjar cewa kariya ta aikin ɗan Adam ce. Ma'ana, hoton da na'ura ta haɗa yana da sauƙin samu, amma riƙe shi a matsayin naka kai kaɗai yana da wuya.

Inda tamu matsalar take: aiki babu suna

A ganina wannan ita ce gaɓar da ta fi shafar Bahaushe, kuma ita aka fi tsallakewa. Ɗauki hula ɗaya mai kyau da ake sayarwa a Legas. Wani ne ya zana tsarin a kan farin ƙyalle. Wata mata ce, wataƙila a Maiduguri cikin waɗanda rikici ya raba da Bama, ta bi zanen da allura rami bayan rami. Wani ya haɗa ta, wani ya wanke ya buga ta a kan gungume, dillali ya saya, ɗan kasuwa ya kawo ta Ikko. A cikin duk waɗannan hannuwa, babu sunan ko ɗaya a jikin hular. Mai saye ya san sunan shago ne kawai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka abin yake a kasuwar Jakande. Baƙo zai ɗauki jakar fata ko filon fata mai zane ya tambayi wanda ya yi, a ce masa "daga Kano ne" ko "daga Sakkwato". Gari ne ke karɓar yabon, ba baduku ba. Wannan ba sabon abu ba ne: fatar jar akuyar Sakkwato ta shafe ƙarnuka tana ratsa Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su.

Dubi kuma waɗanda sunansu ya tsira. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta koyi ginin tukunya a ƙauyensu kamar sauran mata, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew da ke Abuja ta da, wato Suleja, a 1954. A can aka riƙa buga haruffan sunanta a jikin tukwanenta. Yau ana gwanjon su a Landan, ana kuma gane su da wannan 'yar alama. Matan da suka koya mata, da tsararrakinta masu irin hannunta, babu wanda ya san su. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sarautar da aka ba shi ce ta riƙe mana sunansa. Nike Davies-Okundaye ta ɗauki rinin adire, sana'ar iyaye mata a ƙasar Yarbawa, ta ɗora sunanta a kai, yau gidan baje kolinta na Lekki yana cikin wuraren da baƙi ke fara nema a Legas. Bikin ART X Lagos da aka fara a 2016 yana tara masu saye daga ƙasashe, kuma duk abin da aka rataye a can da sunan mai shi a gefe.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare aikin zane har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, ta kuma ba shi kaso idan aka sake sayar da aikin a gwanjo. To wanda ba a san sunansa ba, ta ina kason zai same shi?

A nan ne ma kwamfuta za ta yi wa mai aikin hannu rana. Bidiyon minti ɗaya na hannu yana surfani, da sunan mai shi da garinsu, shaida ce da babu dillalin da zai iya gogewa. Matasanmu da suka iya waya da tsara hoto su ne suka fi dacewa su yi wa iyayensu da yayyensu wannan aiki, su ma su sami nasu a ciki.

Abin da mai saye zai duba

Cutar da ta fi yawa a kasuwa yanzu ita ce sayar da na inji da sunan na hannu. Idan zanen fenti ne, karkata shi wajen haske. Na hannu za ka ga tudun fenti da sawun buroshi suna bin siffar abin da aka zana, gefen ƙyallen kuma yakan ɗan ɓaci. Bugagge a shafe yake, kuma idan ka matso da kyamarar waya za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo. Wasu sukan shafa masa ɗan fenti ko man sheƙi a sama don ya yi kama da na hannu, sai ka ga sawun buroshin bai dace da zanen da ke ƙasa ba.

Idan hula ce ko wuyan riga, juya cikinta. Aikin hannu yana da ƙulli inda zare ya ƙare, ramukan kuma ba sa zama daidai wa daida. Na inji kowane layi kamar ɗan uwansa yake, kuma a bayan monogiram sau da yawa za ka tarar da ragowar farar takardar da ake shimfiɗawa kafin ɗinki.

Sannan ka yi tambaya kai tsaye: "Alhaji, don Allah wannan na hannu ne ko na inji?" Ɗan kasuwar kirki zai ce maka, "Ranka ya daɗe, wannan na inji ne, ga na hannun can, amma kuɗinsu ba ɗaya ba." Irin wannan shi ya cancanci ka koma wajensa. Idan aikin kwamfuta ka bayar a yi maka, ku yi magana tun farko: shi zai zana da kansa ko ƙirƙirarriyar basira zai sa, kuma fayil ɗin na ainihi zai ba ka ko hoto kawai. Mai zane na gaskiya yana iya nuna maka matakan aikin tun daga zanen farko.

Shugabannin kasuwanninmu a Agege, Idi-Araba da Lekki suna da ikon da za su sa wannan ya zama ƙa'ida ba tare da jiran gwamnati ba: a ware na hannu da na inji a kan kanta, a kuma ɗinka ɗan ƙyalle a cikin kowace hula da jaka mai ɗauke da sunan wanda ya yi ta da garinsu. Kuɗin buga irin wannan ƙyalle a Shomolu bai taka kara ya karya ba.